Yayata Tafinta da Ɗakin Talata

Yayata ta shekara talatin da ɗaya tana magana da bakin wasu. Tafinta ce. A unguwarmu ba mai kiran ta da sunanta, ko yara ka tambaya daga ina suka fito sai su ce gidan Tafinta, hawa na huɗu, ƙofar nan da ba a rufewa. Ni ce ƙanwarta. Ɗinki nake yi a ƙasan benenmu, cikin wani ɗan ɗaki da a da ake jingine kekuna. Mafi yawan abin da zan faɗa da idona na gani, sauran kuma ita ta ba ni a gefen keken ɗinkina, inda take zuwa ta zube in ta taso daga aiki.

Mun shigo garin nan tana da shekara goma sha uku, ni kuwa ina goye a bayan Inna. Inda muka baro ba ya zaunuwa, a bar shi a haka. Aka zuba mu da mutanenmu a benaye shida bayan tashar bas ta ƙarshe, har yau kuma nan muke. Mutanen gari ba sa taka unguwar sai da fayil a hammata. Yaya ce ta fara kama harshensu, wata shida kacal da shiga makaranta. Aikinta na farko ba ɗaukar ta aka yi ba. Inna ce ba lafiya, likita ya dubi yarinya da kayan makaranta ya ce ta gaya wa uwarta abin da hoto ya nuna. Ta kuwa gaya mata. Ta ce min ba kukan Inna ta fi tunawa ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne sai da ta roƙi likitan ya maimaita wata kalma, don ba a kai ga koya musu ita a aji ba.

Tun daga ranar ba ta huta ba. Wasiƙar makaranta, takardar mai gidan haya, sammacin kotu, duk a ƙofarmu suke kwana. Da ta kai ashirin da uku ofishin jin daɗin jama'a ya ɗauke ta, aka rataya mata kati a wuya. A lokacin tana da wani alfahari da yake ba ni haushi: ba ta ragi, ba ta ƙari. In ka zagi ma'aikaci, zagin za ta miƙa masa da zafinsa. Takan ce ita bututu ce kawai, abin da aka zuba shi zai fito.

Shekara goma sha bakwai ke nan da abin Maman 'Yan Biyu ya faru. Maƙwabciyarmu ce ta hawa na biyu, mijinta ya rasu ya bar ta da yara 'yan shekara huɗu. Wata ma'aikaciya ta zo duba su, Yaya na gefe. Da baiwar Allah ta ga ta gida a zaune sai ta saki jiki. Ta ce ba ta barci, ta ce ƙarar tsohon garinmu tana dawo mata a kunne da rana tsaka, ta ce akwai ranar da ba ta iya tashi ta ɗora tukunya, kuma wani lokaci takan tsaya a taga ta ji kamar ta bi iska. Gaskiya ta faɗa, ba ta da lafiya. Yaya ta juya maganar kaf, ko wasali ba ta zubar ba. Kwana goma aka zo da mota aka tafi da yaran, wai na ɗan lokaci. Ita kuwa uwar ko ƙwayar magani ba a ba ta ba, an dai sa sunanta a layin jira. Abin da ya fi ƙona wa Yaya rai, ta san yadda ake yi a can cikin gari: in mace ta faɗi irin wannan, mai taimako ake turo mata gida, a haɗa ta da likita, yaranta suna ɗakinsu.

Shekara biyu da wata huɗu yaran suka yi. Ranar da aka dawo da su sun manta harshenmu. Wa aka kira ya zauna tsakanin uwa da 'ya'yanta? Yaya. Ta dawo gida ranar ta shiga banɗaki ta kunna famfo, ta daɗe ba ta fito ba.

Ba ta fara ƙarya a wurin aiki ba, wannan kam ba ta taɓa yi ba. Wata dabara ta ɓullo da ita. In an ce ma'aikaci zai zo ƙarfe goma, ita tara da rabi tana gidan. Ta zaunar da mutum ta yi masa bita kamar mai shirin jarrabawa. In an ce kana barci, ka ce kana yi. In an ce kina kuka, ki ce a kan me. In an tambayi abin da ya faru a can, ka ce ya wuce, an gode Allah. Ku share ɗaki, ku sa wa yara kaya masu tsabta, ku yi murmushi amma ban da yawa. Baki shi ke yanka wuya, ita ce kalmarta ta rufewa. Muka sa wa abin suna karatun Tafinta. Duk baƙon da ya sauka a benayen nan, kafin ya san inda ake zubar da shara ya haddace shi. Ni ma na haddace, kuma har ga Allah na ga amfaninsa, don daga shekarar ba a sake ɗaukar ɗan kowa a unguwar ba.

Ta yi aure a makare, tana da talatin da biyar. Mijin nata, Direba muke ce masa, ko da yake rabonsa da sitiyari tun kafin mu san shi. Bas-bas yake wankewa a tashar ƙarshe. Shi daga baya ya zo, lokacin da wutar rikicin can ta sake tashi. Babbar mota ya tuƙo, mai rufaffen baya, cike da mutane da aka ɓoye. An tsare shi a hanya yini guda cikin rana, ba halin ya buɗe. Da aka buɗe ba kowa ne ya sauko da ƙafarsa ba. Wannan ma ba daga bakinsa muka ji ba, wata tsohuwa ce da ke cikin motar ta faɗa. Mutum ne mai sanyi, mai kunya, in ya gaishe ka kamar yana ba ka haƙuri. Amma ba ya zama a ɗakin da aka rufe. Shi ya sa ƙofar gidansu take a buɗe rani da sanyi, shi ya sa yake hawa bene huɗu da ƙafa alhali ga lif. Wata rana iska ta bugo ƙofar ta rufe yana cin abinci, sai da maza uku suka riƙe shi. Yaya ba ta taɓa tambayar sa ba, shi ma bai taɓa gaya mata ba. Ni nakan tsokane ta in ce duk garin nan ta ji cikin kowa ban da na mijinta. Ba ta dariya.

Sai aka buɗe ɗakin Talata. Wani ɗan ɗaki ne a ƙasan na biyu cikin benayen nan shida, kusa da inda mitocin wuta suke, daidai saitin ƙofar shagona. Ofis ya sa wani dattijo a ciki, ma'aikacin jin daɗin jama'a da ya karanci sauraron masu damuwa. Ɗan gari ne, amma 'yar mutanenmu ya aura, ya iya harshenmu a karkace, irin wanda ke sa yara dariya. Malamin Talata muke ce masa. Wata uku yana zaune shi da kujeru, don wa zai shiga a ce ya taɓu? Shi ne ya yi wayo. Ya baza cewa yana taimakawa wajen cike takardu. Daga nan kowa sai ya shiga da takarda a hannu, ya yi awa guda, ya fito da ita yadda ya shiga da ita, idonsa ja. Kowa ya san abin da ake yi, kowa kuma ya kau da kai. A rajistarsa ma abin da yake rubutawa ke nan, taimakon cike fom, don kada sunan wani ya hau kwamfutar ofis da tambarin ciwon ƙwaƙwalwa.

Direba ya fara zuwa a shekara ta biyu. Ƙarfe goma zuwa sha ɗaya, ƙofa a buɗe rabi, Malam ya sa kujerarsa ta tare iska. Yaya ce ke ajiye masa wata tsohuwar wasiƙar mai gidan haya a kan tebur kowace safiyar Talata, ba ta cewa komai, shi ma ya ɗauka bai ce komai ba. Ban san me yake faɗa a ciki ba. Abin da na sani, a shekara ta huɗu na ji dariyarsa daga hawa na huɗu har shagona, na tsayar da keke don ban gane muryar ba. A ta biyar ya yarda a tura ƙofar gida in ana sanyi, a sa takalmi a tsakani. Yaya ta fara ƙiba. Wanda bai zauna da irin wannan mutumin ba zai ce ƙaramin abu ne.

Bara aka canza shugaba a ofis. Sabuwar ta buɗe rajista ta ga shekara shida na cike fom, ta ce wannan ai kowane akawu zai yi a babban ofis, me ya sa ake ɓata ƙwararre a kai. Malam ya yi bayani har bakinsa ya bushe. Aka ce ya kawo hujja. Hujja kuwa ba shi da ita, da hannunsa ya binne ta. A ƙarshe aka tsaya a kan jami'a ta zo ta yi bincike gida-gida. In ya nuna akwai buƙata ɗakin ya tsaya, in bai nuna ba a rufe. Malam da kansa ya zo shagona ya sami Yaya ya gaya mata haka, ba kwana-kwana.

Ni dai da na ji kalmar bincike sai da na yi tsaki. Sau tara ana binciken mu a iya sanina. An ƙirga mu, an auna mu, an tambaye mu sau nawa muke cin nama, an ɗauki hoton matattakalarmu da ta tsage, har yau tana nan a tsage. Suna zuwa da jaka, su sha shayinmu, su tafi su zama daktoci. Amma in faɗi gaskiya, wadda aka turo wannan karon ba ta da laifi. Mai Bincike muke ce mata, mace 'yar wajen talatin, takalminta shimfiɗaɗɗe, ta hau benayen nan shida da ƙafarta har ta rame. Tana cire takalmi a bakin ƙofa ba sai an ce mata ba. Tambayoyinta ashirin da biyu ne, kuma ta yi rantsuwa ba za a rubuta sunan kowa ba.

Matsalar tana shafin farko, takardar amincewa. Can ƙasa akwai layi biyu da ƙananan baƙaƙe: in mutum ya faɗi abin da ke nuna hatsari gare shi ko ga yaro, wajibi ne mai bincike ta sanar da ofis. Ba mai karanta irin wannan layin a duniya sai Yaya. Ita kuwa aka sa ta yi tafintar binciken. Ta kawo takardar nan shagona ta shimfiɗa a kan yadin mutane, ta sa yatsa a wurin.

Ta ce, "In na tsallake layin nan za su yi magana, ɗakin Talata ya tsira. In wata ta yi magana aka ɗauke mata ɗa, ni ce kuma."

Na ce ta tsallake mana, wa zai sani. Ta dube ni irin kallon da take min tun ina yarinya in na yi wauta. Washegari ta karanta layin a gidan farko, a hankali, har sau biyu. Haka ta yi a gida ɗari biyu da arba'in.

Ba ta yi wa kowa bita ba wannan karon, ba ta ma buƙata. Karatun shekara goma sha bakwai ya zauna daram. Ɗakuna a share, yara fes, murmushi daidai misali. Kana barci? Kamar jariri. Kina yawan tunani? Tunanin me, ga lafiya ga abinci. Mutanen da nake gani da idona kowace Talata suna fitowa daga ɗakin Malam suna share hanci, su ne suka zauna suka ce ko ciwon kai ba su sani ba. A mako na uku Yaya ta ga inda aka dosa, hankalinta ya tashi. Ta fara bin gidaje da yamma tana cewa wannan karon daban ne, wanda ba shi da ƙananan yara ya faɗi gaskiya, ɗakin Talata ne ke cikin hatsari. Sai su gyaɗa kai su ce to, Tafinta. Washegari a gaban baƙuwa su ce lafiya lau, har wani tsoho ya ƙifta mata ido, wai ya gane gwada shi take yi, kuma ya ci jarrabawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Kada in yi ta zargin mutane, ni me na yi? Ba ni da miji, ba ni da ɗan da za a ɗauka. Rediyo nake ƙurewa yini guda don shiru yana sa ƙirjina bugawa, kuma ban taɓa kwana da fitila a kashe ba, ni da aka ce ban ga komai ba don ina goye. Mai Bincike ta zauna a kan kujerar masu gwaji, Yaya ta karanto tambaya ta farko, na ji bakina ya ce a'a tun kafin in yi shawara da shi. Ashirin da biyu, a'a ashirin da biyu. Yaya tana fassarawa tana kallon ƙasa. Na ji kunya, wallahi na ji, amma ban gyara ba.

Direba a bakin ƙofa ya amsa nasa, ƙafa ɗaya a waje. Matarsa ce tafinta, to me zai ce? Ya ce yana barci, ya ce ba ya firgita, ya ce abin da ya wuce ya wuce. Mai Bincike ta dubi ƙofar, ta dubi takalmin da aka tokare ta da shi. Ba wawuya ba ce. Amma fom ɗin ba shi da gurbin abin da ido ya gani, sai ta cike abin da kunne ya ji.

Mutum goma sha ɗaya ne suka ce suna da damuwa, a cikin gida ɗari biyu da arba'in. Maman 'Yan Biyu tana ciki, ita ta ce ba abin da ya rage a ɗauke mata. A takarda mun fi unguwar masu kuɗi kwanciyar hankali. Mai Bincike ta rubuta shafi goma sha huɗu tana bayanin cewa kada a yarda da lambar nan, tsoro ne ya haife ta, ta kawo tarihin unguwar, ta roƙi a ba ta wata shida ta sake da wata hanya. Bayanin yana daga shafi na arba'in. Kwamitin da ofis ya naɗa shafin farko kawai ya karanta. Mai Bincike ta zo da kanta ta gaya wa Yaya, ta zauna a shagona tana kuka, har na ba ta ƙyalle. Na so in ce mata ihu bayan hari, sai na tuna a'a ashirin da biyu ɗina, na ja bakina.

Aka ce za a rufe ƙarshen wata, sai aka rufe tun kafin nan, don ana son ɗakin a zuba kayan gyaran lif. Malam aka sallame shi ya huta, ko sallama bai samu yi da mutanensa ba. Wanda ke da buƙata, in ji ofis, ya je babban asibiti, bas uku daga nan, za a ba shi tafinta kyauta. Tafintan harshenmu kuwa a duk rajistar asibitin mutum ɗaya ce, Yaya.

Kwana biyar Yaya ta san an rufe ba ta gaya wa Direba ba. Matar da ta gaya wa uwarta ajalinta tana da shekara goma sha uku, ta kasa. Kullum ta sauko ta ce min yau za ta faɗa, ta hau ta dawo ba ta faɗa ba. Ranar Talata da safe ba ta ajiye wasiƙar a tebur ba, tana ganin zai gane. Shi kuwa ya buɗe durowa ya ɗauko abarsa, ya yi aski, ya sa rigar da na ɗinka masa, ya sauko. Ta biyo shi a baya da katinta a wuya. Ina tsaye a ƙofar shago.

Mutum bakwai ya tarar a wurin, kowa da takardarsa a hannu, ba mai kallon wani. An manna sanarwa a ƙofar da harshen gari. Da suka ga Yaya duk suka juyo, yadda aka saba. Ta matsa ta karanta musu. An rufe wannan ofishi daga ranar kaza, sakamakon binciken da ya tabbatar da ƙarancin buƙata a wannan yanki, ana godiya ga mazauna bisa haɗin kai. Muryarta ba ta yi rawa ba, muryar aiki ce.

Direba ya ce, "Wato sun ce lafiyarmu ƙalau."

Ta ce, "Mu muka ce."

Sauran suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa yana naɗe takardarsa. Shi bai tafi ba. Ya taɓa hannun ƙofar sau ɗaya, ya ji ta a kulle, ya janye hannu da sauri. Sai ya share dakalin da tafinsa ya zauna, ya juya wa ƙofar baya, wasiƙar a kan cinya. Yaya ta tsaya a kansa ta ce ya taso su hau, za ta dafa shayi. Ya ce ta je, lokacinsa bai cika ba. Ta shigo shagona ta tsaya a bayan labule tana kallon sa, wayarta tana ta ƙara a jaka, ofis ne ke nema, ba ta ɗauka ba.

Yau Talata ta tara ke nan. Ƙarfe goma yake saukowa da wasiƙarsa ya zauna a dakalin. Wani lokaci ina ganin leɓensa yana motsi. Ƙofar gidansu ta koma a wangale, an ɗauke takalmin. Yaya ta daina karɓar aikin safiyar Talata, tana nan bayan labulena har ya gama. Awa ɗaya yake yi, ba ya ƙarawa, sai ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya tafi wankin motocinsa.